Me ya sa mariƙin jambiya ya fi ruwanta tsada?

Baƙon Jidda:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. A watan azumin da ya wuce na shiga shagon wani dattijo mutumin Yaman a tsohuwar kasuwar Jidda, na tarar da wuƙaƙen nan nasu masu lanƙwasa da suke kira jambiya. Ya zaro guda biyu daga kube ya ajiye a gabana. Ruwansu iri ɗaya ne, gajere, faffaɗa, mai kaifi biyu, da wani tudu da ya ratsa tsakiya tun daga gindi har tsini, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar nesa ba kusa ba. Da na tambaye shi dalili sai ya ɗora yatsa a kan mariƙin, bai ko kalli ruwan ba. Ni kuwa a gidan fawa na tashi, kuma na san mahaifina idan zai sayi wuƙa ruwan yake dubawa, ya gwada kaifin a farcen babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ya saurari amon ƙarfen. Shin me ya sa abin ya juye a wurinsu? Kuma wannan lanƙwasa da ake gani a wuƙaƙen ƙasashe da dama, ado ce ko tana da aiki?

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tambayarka ta farko tana cikin matsayin da jambiya take da shi a Yaman. Ta daɗe da barin zama makamin yau da kullum, ta koma shaidar cewa yaro ya kawo ƙarfi, da kuma alamar gidan da mutum ya fito. Ana soke ta a tsakiyar wata faffaɗar ɗamara mai ado, ana zare ta a rawar bara'a ranar biki, kuma idan rigima ta haɗa mutum biyu, kowanne yakan miƙa tasa ga shaihin da zai yi sulhu, a matsayin jingina cewa zai karɓi hukunci. Abin da ba ya fita daga kube sai jefi-jefi, mariƙinsa ne ido yake gani kullum, shi ya sa daraja ta taru a can.

Mariƙin da ya fi tsada shi ne wanda suke kira saifani, na ƙahon karkanda, wanda daɗewa da yawan taɓawa suke sauya masa launi har ya yi wani sheƙi kamar haske zai ratsa shi. A nan ne labarin yake ɓata mini rai. A shekarun 1970 ɗimbin mutanen Yaman suka tafi aiki Saudiyya lokacin bunƙasar kuɗin mai, suka dawo da abin hannu, wanda a da bai isa ya riƙe saifani ba ya samu halin saye. Baƙar karkandar Afirka, wadda yawanta ya kai kimanin 65,000 a 1970, ta ragu zuwa ƙasa da 2,500 a tsakiyar shekarun 1990, kuma kasuwar Sana'a, babban birnin Yaman, da ta masu magungunan gargajiya a gabashin Asiya su ne manyan masu sayen ƙahon. Yaman ta Arewa ta haramta shigo da shi a 1982, sannan haɗaɗɗiyar ƙasar Yaman ta shiga yarjejeniyar CITES ta hana fataucin namun daji masu ƙarewa a 1997. Yawancin mariƙan yau na ƙahon ɓauna ne, ko katako, ko roba, kuma shawarata ita ce duk wanda zai sayi tsaraba ya tsaya a kan waɗannan. Maƙwabtansu na Oman ma suna da tasu, khanjar, wadda take jikin tutar ƙasar, kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar ƙera ta cikin gadon al'adun duniya a 2022.

Jikan Maƙera:
Hajiya ta warware ta farko, Allah ya ƙara sani. Ni zan taɓa ta biyu, domin a bakin wuta na girma, tun ina jan zugazugi. Lanƙwasa iri biyu ce, kuma kowacce aiki ne ya haife ta. Idan kaifin yana ta waje, a kan tudun lanƙwasar, kamar wuƙar fiɗa da ka sani a gidanku, ruwan yana zamewa ne yana tsagawa, shi ya sa yake bi tsakanin fata da nama ba tare da ya huda ba. Idan kuma kaifin yana ta ciki, kamar lauje, to yana tattaro abu ne ya riƙe shi kafin ya yanke.

Misalin da ya fi burge ni a na biyun shi ne kukri ta ƙasar Nepal. Tsawonta yakan kai santimita 40 zuwa 45, ruwanta ya sunkuya gaba, ya yi faɗi kusa da baki, nauyin duk ya taru a can, saboda haka tana sara kamar gatari alhali tana yanka kamar wuƙa. Duniya ta san ta ne a hannun sojojin Gurkha na Nepal, waɗanda Turawan Ingila suka gwabza da su a yaƙin 1814 zuwa 1816, suka kuma fara ɗaukarsu aikin soja tun 1815. Amma a gida kayan aikin manomi ce, da ita yake saran itace, ya share gona, ya yanka dabba. A bayan kubenta akwai ƙananan ƙarafa biyu, karda ta ƙananan yanke-yanke, da chakmak marar kaifi da ake gyara bakin babbar da shi. Maƙeransu, waɗanda ake kira Kami, sifirin tsohuwar mota suke nema kamar yadda muke yi, kuma idan ƙarfen ya yi ja sai su tsiyaya ruwa daga buta a kan kaifin kaɗai, domin baki ya yi tauri, doron kuwa ya zauna da sauƙinsa kada ya karye wurin sara. Wanda ya taɓa tsoma adda gaba ɗaya a ruwa ya ji ta tsage a hannunsa zai gane hikimar wannan.

Ɗan Agadas:
Malam, kada ka ɗauka ko'ina mariƙi ne sarki. A wurin Abzinawa ruwan ne abin gado. Takoba, sunan da kunnen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a kansa, miƙaƙƙiya ce, mai kaifi biyu, tsawonta kusan mita ɗaya, da kwari-kwari a tsakiyar ruwan. Mariƙi da kuben fata mai ja da tsanwa suna tsufa, maƙeran da ake kira inadan su sake sababbi, amma ruwan yana nan daga kaka zuwa jika. Da yawa daga tsofaffin ruwan ma daga Turai suka zo, musamman garin Solingen na Jamus, suka ratso hamada a bayan raƙuma. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ake shigowa da shi birnin duk shekara, a can ake sa masa mariƙi da kube, sannan a sayar wa Abzinawa da Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari.

Ɗalibi a Maleshiya:
Ina so in ƙara wa Baba Jikan Maƙera iri na uku, wanda ba na jin aiki kaɗai ya isa ya bayyana shi. Keris ta Indunusiya da Maleshiya ruwanta yakan yi tafiyar maciji, kuma adadin lanƙwasar, da suke kira luk, kullum mara ne, uku ko biyar ko bakwai har zuwa sama, ko da yake akwai miƙaƙƙu da yawa. Ita ma alamar girma ce kamar jambiya, a tsibirin Java a baya ake soke ta ranar biki, amma darajarta a ruwan take. Maƙerin, wanda ake girmamawa da laƙabin empu, yana ninka baƙin ƙarfe da ƙarfe mai nikel sau da yawa, sannan a wanke ruwan da lemun tsami da wani sinadari mai guba, sai zane mai kama da igiyar ruwa ya bayyana, fari a kan baƙi. Wannan zane shi ne pamor, kuma shi masana suke karantawa kafin su yi ciniki. UNESCO ta ayyana keris cikin fitattun kayan gadon ɗan Adam a 2005, kuma a 2020 Holan ta mayar wa Indunusiya keris ta Yarima Diponegoro, jagoran yaƙin Java na 1825 zuwa 1830.

Baƙon Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, saura abu ɗaya. Tudun nan da na gani a tsakiyar jambiya, da kwarin da ɗan'uwanmu na Agadas ya ambata a takoba, me ya raba su?

Jikan Maƙera:
Matsala ɗaya suke magancewa ta hanyoyi biyu, ɗana. Ruwan jambiya faffaɗa ne kuma siriri, don haka ake bar masa tudu a tsakiya ya zame masa ƙashin baya, kada ya lanƙwashe idan an soka. Takoba kuwa doguwa ce, nauyi ne damuwarta, sai a kwashe ƙarfe daga tsakiya a bar kauri a gefe biyu na kwarin, ta yi sauƙi a hannu ba tare da ta yi laushi ba. Idan ka koma shagon dattijon, ka kama ruwan tsakanin yatsu biyu ka bi shi daga gefe zuwa tsakiya, za ka ji yadda kaurin yake hauhawa kafin ka kai kan tudun.