Ƙudirin ninka kuɗin ƙananan asibitoci: abin da muka gani da idonmu a ƙauyukan Filato

Malamin makaranta, Gangare:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da yawa daga cikinmu sun ji labarin ƙudirin da Sanata Ipalibo Banigo, likita mai wakiltar Ribas ta Yamma, ta gabatar a Majalisar Dattawa a 2025, tana neman a gyara Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 domin kuɗin da ake zubawa a asusun kula da lafiya a matakin farko ya tashi daga kashi 1 zuwa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Ita ce kuma ta kawo ƙudirin da ya shafi harajin lemon kwalba da sauran abin sha mai suga, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta tsayar a kan naira 10 kowace lita, tana son a mayar da shi wani kaso na farashin kayan, a kuma ware wani ɓangare don harkar lafiya. Mu mazauna Jos kusan kowannenmu yana da uwa ko ƙanwa ko kaka a ƙauye, kuma mu ake buga wa waya idan ciwo ya tashi. Roƙona shi ne duk wanda ya taɓa kai mara lafiya ƙaramin asibitin ƙauye ya ba mu labarin abin da ya tarar, domin mu san ainihin ramin da wannan kuɗi zai cike.

Mai ɗinki, Unguwar Rogo:

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanwata tana aure a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Bassa, kuma daminar bara na je zaman jiran haihuwarta. Naƙuda ta kama ta bayan sallar isha, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Muka ɗora ta a babur tsakanin mijinta da ɗan acaɓa, ni kuma na bi su a ƙafa da ƙullin zannuwa a ka. Asibitin ɗaki uku ne, an yi masa sabon fenti, amma mun tarar da kwaɗo a ƙofa, domin ma'aikaciyar guda ɗaya ce tak, tun safe take aiki, ta koma gida ta ɗan kwanta. Yaro aka tura ya taso ta, kuma Allah ya saka mata da alheri, ko ɓata rai ba ta yi ba. Babu wuta, don haka ni na riƙe tocilar waya a kanta har aka haihu, hannuna yana rawa tana ce mini, "Yaya, ɗaga sama kaɗan." Bayan mabiyiya ta faɗo sai jini ya ƙi tsayawa. Ta yi allurar da take da ita, ta ɗaura ƙarin ruwa leda ɗaya, ta ce shi ne na ƙarshe a kabad, dole a wuce da ita Jos. Motar da muka samu ta wani mai kai tumatir Farin Gada ce, sai da aka sauke kwanduna aka shimfiɗa tabarma. Mun isa gab da asuba, aka yi mata ƙarin jini, ta rayu ita da jaririn. Ni abin da nake so in gani a wannan ƙudiri shi ne ma'aikaciya ta biyu da za ta kwana a asibitin, da fitilar sola, da motar da za a kira. Fentin bai taimake mu da komai ba a daren nan.

Tsohon ma'aikacin lafiya, Bukuru:

Hajiya, Allah ya ƙara wa ƙanwarki lafiya, ya raya yaron. Na yi shekaru ina aiki a irin wannan asibiti kafin in yi ritaya, kuma abin da kika faɗa ba baƙo ba ne a wurina. Dokar 2014 ta riga ta raba kuɗin: rabi na inshorar lafiya ne, kashi 20 na magunguna da rigakafi, kashi 15 na gyaran gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na taimakon gaggawa. A ƙarshen aikina na ga lokacin da kuɗin ya fara shigowa kai tsaye asusun asibitinmu duk bayan wata uku, kuma gaskiya ya yi amfani, domin da shi muka gyara rijiya, muka sayi safar hannu da maganin zazzaɓin cizon sauro, muka daina rubuta wa mata takarda su je kemis a sayo auduga. Sai dai tsarin asibiti ɗaya yake ɗauka a kowace gunduma, alhali gunduma ɗaya a ƙauye tana iya haɗa garuruwan da ke tsakaninsu akwai rafi da tsauni. Sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin magani da na mota suka yi tashin gwauron zabo, abin da muke saye da kuɗin wata uku ya koma ba ya kai wata biyu. Ina goyon bayan ninkawar ɗari bisa ɗari. Amma ɗaukar ma'aikata aikin jiha da ƙaramar hukuma ne, kuma idan ba su ɗauki ungozoma sun ba ta wurin kwana ba, kwaɗon da Hajiya ta tarar zai ci gaba da zama a ƙofa. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya, kuma har na bar aiki ban ga an cika shi ba.

Mai shagon kayan masarufi, Dilimi:

Baba, na gode da wannan bayani. Ni ɓangaren harajin ya fi shafa ta, domin lemon kwalba yana cikin abin da ya fi tafiya a shagona, musamman ranar suna da biki. Idan aka ƙara harajin, kamfani zai ɗora wa dila, dila ya ɗora mini, ni kuma in ɗora wa mai saye, ciniki ya ragu. Duk da haka ba zan ce a fasa ba, saboda mahaifina ciwon suga ne ya kwantar da shi a ƙauyenmu cikin Mangu, kuma duk wata sai mun sauko da shi gari don kawai a gwada jininsa, asibitin kusa da shi ba su da abin gwajin. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, sun kuma sauke harajin kayan saye daga abinci da magani, wannan mun yi maraba da shi. Abin da nake nema shi ne a rubuta ƙarara a cikin dokar inda kuɗin lemon zai je, domin naira 10 ɗin da ake karɓa yanzu cikin baitulmali take faɗawa, babu wanda zai nuna mini abin da ta saya.

Direban mota, asalin Langtang:

A wajenmu maciji ne babbar damuwa, musamman lokacin girbi. Kububuwa ta sari ƙanena a gona, asibitin garinmu ba su da maganin dafi, sai muka ɗauke shi a babur zuwa Zamko, inda mutanen yankin suke kai wanda maciji ya sara. Kafin mu isa dasashinsa ya fara jini. Ya warke, amma akuya biyu muka sayar. Idan kashi 5 na gaggawa zai ninku, a tuna da manomi.

Mai ɗinki, Unguwar Rogo:

Allah ya kiyaye gaba, ɗan uwa. Baba, na ji abin da ka ce game da wurin kwanan ungozoma, kuma na tambayi mijin ƙanwata jiya. Ya ce har yanzu matar nan ita kaɗai ce, sai wata yarinya mai aikin sa kai da ke taya ta ranar awo. Ƙanwar tawa ta sake samun ciki, kuma lissafin haihuwar ya faɗo a watan Agusta, lokacin da rafin da ke tsakaninsu da titi yake cika. Mun yanke shawara da zarar ta shiga wata takwas za ta dawo wurina a Jos, har na kwashe keken ɗinki daga ƙaramin ɗaki na sa mata katifa. Kishiyarta ma tana da ciki, ita kuma ba ta da kowa a gari.