Neman kalmar Hausa: me za mu kira "broad-spectrum"?

Mai harhaɗa magani: Jama'a, muna neman sunan maganin da ke kashe bakteriya iri-iri lokaci guda, irin su ceftriaxone da meropenem. Wasu na cewa "magani mai ƙarfi". Wannan sunan ne ke sa mara lafiya ya raina nitrofurantoin, ƙwayar maganin ciwon mafitsara, ya nace sai allura.

Malamar jinya: "Game-gari" fa?

Likita: Hajiya, game-gari zai sa a ɗauka mai araha ne, na kowa da kowa. Ni na fi son "maganin taru", kishiyarsa kuma "maganin ƙugiya". Taru na kwaso kifin da ake so da wanda ba a so. Haka meropenem yake yi: ya kashe bakteriyar E. coli da ke mafitsara, ya share masu amfani na hanji, waɗanda suka tsira su hayayyafa suna bijire wa magani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Kwatancen ya zauna, Likita. Sai dai ba a jefa ƙugiya sai an san kifin. A ɗebi fitsarin tsakiya kafin a sha ƙwayar farko, a kai cikin awa 2 ko a sa a firij. In ya kwana a zafi bakteriya sun ninka, sakamakon ya ɓata. Bayan awa 48 zuwa 72 za a ga maganin da bakteriyar take ji. E. coli mai ESBL, wani sinadari da take fitarwa, tana lalata ceftriaxone, amma sau da yawa tana jin nitrofurantoin ko fosfomycin, giram 3 sha ɗaya.

Likita: Ƙugiyar ma tana da iyaka. Nitrofurantoin, miligiram 100 sau biyu a rana kwana 5, a fitsari yake taruwa, ba ya isa naman ƙoda. Da zazzaɓi, ciwon kwiɓi da amai, alamun ciwon ya kai ƙoda, ba aikinsa ba ne. Ba a ba mai raunin ƙoda, ko mai ciki da ta kusa haihuwa, kuma bakteriyar Proteus ba ta jin sa. In ciwon ya kai ƙoda kam a fara da taru, sakamako ya fito a sauko zuwa ƙugiya.

Malamar jinya: To mu daina cewa "sanyi" ma. Ya haɗe ciwon mafitsara da fitar ruwa da cutar saduwa, kowanne da maganinsa.

Mai harhaɗa magani: A bar sanyi sai wani zaman. An tsaya a taru da ƙugiya. A rubutun asibiti kuwa, "mai kashe bakteriya iri-iri".