Zan leƙa abokaina a Istanbul ƙarshen satin nan, ya zan raba kwana biyu cikin wannan sanyin?

Sabon_zuwa_Ankara

Salam yayyena. Wata huɗu kenan da zuwana Ankara, har yanzu ina ajin koyon Turkanci, to mun gama jarabawa an ɗan ba mu hutu shi ne nake so in je Istanbul wajen wasu abokaina biyu da muka yi sakandare tare, suna zaune a unguwar Avcılar. Ban taɓa shiga garin ba in ban da ranar da na sauka a filin jirgi, shi ma ɗin ban ga komai ba sai kujerun jira. Niyyata in tashi Juma'a da yamma in dawo Lahadi da dare. Ina so in ga masallatan Ayasofya da Sultanahmet da fadar Topkapı da babbar kasuwa da hasumiyar Galata da kabarin sahabi, in da hali har tsibiran nan da ake zuwa a jirgin ruwa. Dan Allah waɗanda suka san gari, zai yiwu kuwa? Kuma jirgin ƙasa ya fi ko bas? Sanyin ma ya yake, don na nan wlh ya ishe ni, jiya sai da na ji kamar kunnena zai cire.

Baban_Esenyurt

Wa alaikumus salam ƙanina. Wannan lissafin naka ai na sati guda ne kake so ka ɗura a kwana biyu, kwanan ma na watan Janairu da gari ba ya wayewa sai bayan takwas, wajen shida kuma an kira magariba. Tsibiran nan ka cire su tun yanzu, da sanyi ba abin da za ka tarar sai kuliyoyi da rufaffun gidaje, in kuma iskar lodos ta taso a soke jiragen ka ƙare a can kana kallon ruwa.

Abin da ba ka sani ba shi ne Avcılar ba nan kusa ba ne. Daga gidan abokanka zuwa Sultanahmet sai ka hau metrobüs, dogayen bas ɗin nan masu layinsu daban, ka sauka Cevizlibağ ka kama taram T1, in ka yi sa'a awa ɗaya, in ba ka yi ba da rabi, kuma a tsaye za ka yi ta an matse ka kamar kifin gwangwani. Zuwa da dawowa kaga awa uku ta tafi a hanya kawai. Sannan na san halin yaran nan, daren Juma'a za ku raba shi kuna hirar makaranta da wane ya yi aure wance ta haihu, ba wanda zai tashi kafin goma. To ka faɗa musu tun yanzu bakwai da rabi kun fita, ko da ja ne.

Maganar hanya, YHT, wato jirgin ƙasa mai gudu, ya fi, awa huɗu da rabi ne ko sama da haka kaɗan, ka sauka Söğütlüçeşme, nan metrobüs yake farawa kuma yana aiki dare da rana, don haka ko da tsakar dare ka iso ba matsala. Sai dai tikitin Juma'a da na Lahadi ƙarewa suke da wuri, in yau ba ka duba ba to sai bas daga AŞTİ, babbar tashar motar Ankara. Kana sauka ka sayi Istanbulkart ka zuba kuɗi, katinka na Ankara ba zai maka aiki ba. Ikamet ɗinka kuma, wato katin izinin zama, kar ya bar aljihunka, ana tambaya a tasha.

Ummu_Üsküdar

Yaya ya gama magana kan hanya, ni kan sanyi zan ce wani abu. Kar ka duba waya ka ga Istanbul digiri 6 Ankara ƙasa da sifili ka ce ai da sauƙi. Na Ankara busasshe ne, ka rufe jiki shikenan. Na nan jiƙaƙƙe ne, yayyafi siriri da ba ya ɗaukewa ga iska daga teku tana bin ƙashi, lema ma juyewa take a hannunka. Shekarata ta farko na fita da takalmin kanbas ranar da muka je masallacin Sulaimaniyya, kafin azahar safata ta zama kamar an tsoma a bokiti, gashi dole ka cire takalmi a ƙofar kowane masallaci ka sa a leda, na taka kafet ina barin sawun ruwa a bayana, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ka sa takalmin da ruwa ba ya shiga kuma mai sauƙin cirewa, ka jefa safa biyu a jaka. Alwala kuwa ka yo ta daga gida ka riƙe ta gam, famfunan harabar masallatan nan a waje suke kan marmara, ruwan kamar daga firiza.

In ni ce zan tsara maka: Asabar Sultanahmet da Ayasofya tunda suna kallon juna, fili ne kawai a tsakani. Ayasofya tun shekarar 537 aka gama ta zamanin sarki Justiniyan, coci ce sama da shekara 900 kafin Sultan Muhammad Fatih ya ci garin a 1453 ta koma masallaci, aka mayar da ita gidan tarihi zamanin Ataturk, a 2020 aka dawo da salla. In ka shiga ka ɗaga kai za ka ga manyan faya-fayan nan masu sunan Allah da Annabi (SAW) da halifofi huɗu da Hasan da Husaini, ni dai ranar farko wuyana sai da ya ƙage. Ka daidaita zuwanka da lokacin salla ka shiga ta ƙofar masu ibada, ɓangaren 'yan yawon buɗe ido na sama ne kuma da Yuro ake biya.

Daga nan Topkapı yana bayanta. Fadar tana da girma, in ka ce sai ka leƙa ko'ina yini zai tafi, ka miƙe kai tsaye ɗakin amanoni masu tsarki, waɗanda Sultan Salim na ɗaya ya kawo bayan ya ci Masar a 1517, akwai takubba da akwatin da aka ajiye mayafin Annabi (SAW), ga mai karatun Alƙur'ani a zaune ba ya yankewa. Layi ne dai, amma da sanyi ya fi sauƙi.

Baban_Esenyurt

Na manta, babbar kasuwa Kapalıçarşı ba ta ci ran Lahadi, in za ka to Asabar ɗin ne kafin magariba. Ni dai gsky ban ga abin da ɗalibi zai yo a can ba, gwal ne da darduma da fitilu, farashin kuma na baƙi.

Ummu_Üsküdar

A'a yaya kar ka hana shi, ai ba sai ya saya ba. Wurin a rufe yake da rufi, in ruwa ya tsuge nan ne mafaka, kuma kasuwar da ke ci tun ƙarni na 15 ai ta isa a ratsa ta ko sau ɗaya ne. Ya shiga ta ƙofar Nuruosmaniye ya fita ta ƙofar Beyazıt, sai ya hau Sulaimaniyya da ƙafa. Ni a wajena ita ce ta fi duka, Mimar Sinan ne ya gina ta aka gama a 1557, ba hayaniya, in ka zaga bayanta duk Haliç, reshen tekun da ya kutsa cikin gari, yana ƙarƙashinka da jirage suna wucewa. Akwai masu wake dafaffe a ƙofar, kuru fasulye da shinkafa, wlh sai ka ɗauka a gida kake, yaji kawai ya rage.

Injiniya_Sakarya

Ni gargaɗi ɗaya zan yi don abin ya ci ni. A gadar Galata ina tafe wani mai shushaina ya wuce ni sai burushinsa ya faɗo, ni da tarbiyyar gida na ɗauka na bi shi na miƙa masa, ya hau godiya kardeşim kardeşim, wai ɗan uwana, sai ya goge min takalmi kyauta, kafin in ce a'a ya ɗora ƙafata a akwati. Yana gamawa ya kira kuɗin da ya kai cefanena na kwana uku, ga wani ɗan uwansa ya matso. Ashe sana'a ce, da gangan suke yar da shi. In ka ga burushi a ƙasa ka ɗauke kai.

Hasumiyar Galata kuma ka ɗau hoto daga ƙasa ya isa. Kuɗin da za ka hau da shi gara ka shiga jirgin ruwa daga Eminönü zuwa Üsküdar ko Kadıköy da katinka kamar bas, wajen minti ashirin, ka zauna ciki kusa da taga ka sayi shayi a ɗan kofin gilashin nan, in kana da ƙarfin hali ka fita baya ka gutsura simit, burodin nan mai riɗi, ka jefa wa tsuntsayen teku su cafe a sama. Dab da magariba ka yi shi, lokacin da hasumiyoyin masallatai suke fitowa baƙi a jikin jan sama. In ka ga salep ka sha, madara ce mai kauri da kirfa a kai, kamar kunu take.

Lahadi ka bar wa Eyüp Sultan, kabarin Abu Ayyubal Ansari (RA) wanda Annabi (SAW) ya sauka gidansa a Madina. Asubar Lahadi cika yake maƙil, kuma tunda asuba tana kaiwa wajen bakwai yanzu za ku iya samu in kun fito da wuri. Daga nan kar ka koma Avcılar ɗaukar jaka, ka fito da ita tun safe, in ba haka ba jirginka zai tafi kana cikin metrobüs.

Sabon_zuwa_Ankara

Kai Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na duba YHT na Juma'a babu ko kujera ɗaya, amma na samu na dawowa Lahadi da yamma, zuwa kam sai bas na dare. Tsibiri na soke, Galata ma na soke. Na tura wa yaran maganar bakwai da rabi, ɗayan ya turo min dariya kawai, ɗayan kuma cewa ya yi shekararsa biyu a garin bai taɓa shiga Topkapı ba, wai in taho musu da sauran yajin da Hajiyata ta haɗo ni da shi. Aunty Ummu masu waken nan suna buɗewa ran Asabar ko? In je da yajin nawa.