Me za mu kira "kat" a wasan golf? Ni dai na tsaya a kan tankaɗe

'Yan'uwa masu bin golf, musamman masu haɗa tawaga a wasan fantasi, wato wasan da kake zaɓar 'yan wasa na gaske ka tara maki daga abin da suka buga a fili, akwai kalmar da ta daɗe tana damuna, yau ina so mu zauna a kanta. Duk ranar Juma'a sai ka ji muna cewa wane "ya yi kat", wane "bai yi kat ba". Wanda ya san wasan ya gane. Amma ka faɗa wa wanda yau ya fara kallo, sai ya tsaya yana dubanka, don kalmar ba ta nuna masa komai ba. Ina ganin muna da abin da ya fi ta a bakinmu.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Gasar ƙwararru irin ta PGA Tour a Amurka kwana huɗu ce, Alhamis zuwa Lahadi, ramuka 18 kowace rana, jimla 72. Mutum 120 zuwa 156 kan fara. Idan aka gama ramuka 36, wato yammacin Juma'a, sai a haɗa bugun kowa. Waɗanda bugunsu ya fi ƙaranci su ci gaba zuwa Asabar da Lahadi, sauran su tattara sandunansu su tafi, kuma a gasar mako-mako ba sa samun ko kwabo daga kuɗin kyauta. Mutum ya biya jirgi, ya biya masauki, ya biya mai ɗaukar masa jaka, ya koma gida hannu rabbana. Wannan rabewar ita ce kat.

A fantasi kuwa nan ne ran wasan yake. Ɗauki tsarin DraftKings, wani shafin wasan fantasi: ana ba ka jarin bogi na dala 50,000, ka zaɓi 'yan wasa shida, kowa da farashinsa. Maki kuma rami-rami ake tara su. Idan ɗan wasanka ya gama rami da bugu ɗaya ƙasa da mizani, ka samu maki 3. Idan ya yi daidai da mizani, rabin maki. Idan ya haura da ɗaya, a cire maka rabi. Mizani nake ce wa adadin bugun da aka ƙiyasta wa kowane rami, don in aka rubuta kalmar Turancin da harufanmu sai ta zama "fa", ta rikice da namu fa ɗin. To wanda aka sallama ranar Juma'a, ramuka 36 ne cur da ba zai kawo maka komai ba. Shi ya sa wanda duka shidansa suka wuce yake kwana da murmushi, ko da babu zakara a cikinsu. Akwai kuma tsarin da mutum ɗaya kake zaɓa a mako, kuma ba ka sake amfani da shi har kakar ta ƙare, makinka shi ne kuɗin da ya ci. A can idan naka bai wuce ba, ka yi asara biyu: makon ya tafi a banza, shi ma ka ƙona shi. (Ni na kyauta nake bugawa tsakanin abokai. Wanda ake zuba kuɗi a ci ko a cinye, sunansa caca, kuma ba shi ya tara mu ba.)

Kalmar farko da kowa ke kawowa ita ce yanka, don ita ce fassarar kai tsaye. Ba ta yi ba. Ka ce "an yanka mutum tamanin jiya a Jojiya" ka ga yadda fuskar mai saurare za ta sauya. Yanke ma ta tafi wajen hukunci da shawara da ƙauna. Zaftare kuma albashi da kasafin kuɗi ta fi kama.

Wani ɗan'uwa ya ce me zai hana mu aro "sili ɗaya ƙwale" daga ƙwallon ƙafa. Malam, na ji daɗin wannan shawara, amma ina roƙon mu adana ta, don golf yana da wurinta. Akwai salon wasan da ake haɗa mutum biyu su kara rami-rami, wanda ya ci ramuka mafi yawa ya wuce, wanda aka doke ya fita. Wannan shi ne sili ɗaya ƙwale sak. A kat kuwa babu wanda ya doke ka ido da ido. Da dukan filin aka auna ka. Haka "neman gurbi" ma tana da aikinta, wato wasan da ake yi kafin gasa don samun shiga, irin na ranar Litinin da ake rububin 'yan gurabe kaɗan.

Sallama fa? Ta kusa, sai dai hanyoyin barin gasa uku ne, kuma mai fantasi dole ya bambance su. Akwai wanda ya janye da kansa saboda ciwon baya ko wuyan hannu. Akwai wanda aka kora saboda karya doka, misali ya sa hannu a katin da ya nuna bugu ƙasa da abin da ya buga a wani rami. Sai kuma wanda bai yi laifin komai ba, bugunsa ne kawai ya yi yawa. Janyewa, kora, da wannan na ukun da muke nema wa suna. Idan muka ce sallama, ta haɗiye duka ukun.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne tankaɗe, kuma dalilina na farko yana cikin yadda aka rubuta sharaɗin da kansa. A PGA Tour, tun kakar 2019 zuwa 2020, sharaɗin shi ne mutum 65 na sama da duk wanda ya yi kunnen doki da na 65. Kafin nan 70 ne. A gasar Masters da ake yi a Augusta National kowane Afrilu, 50 ne da masu kunnen doki. A US Open 60. A The Open da PGA Championship 70. Ku lura da wannan jelar ta kunnen doki, ba ta taɓa faɗuwa. Idan mutum goma sha biyu suka taru a kan lamba ɗaya a matsayi na 65, dukansu za su wuce, ko da adadin ya haura saba'in. Wuƙa ba ta aiki haka, inda aka ɗora ta nan take rabawa. Rariya ce ba ta ƙirga. Duk abin da girmansa ya dace da idonta zai faɗa ƙasa, ɗaya ne ko ɗari. Wanda bai dace ba ya zauna a sama. Duk Bahaushe ya san wannan hoton, kuma mun riga mun saba jin "tankaɗe da rairaya" a wajen tantance 'yan takara da masu neman aiki, don haka kunne ba zai yi baƙunta da ita ba.

Abin da ya ƙara ƙarfafa mini gwiwa shi ne tarihin wasan ya ba mu wurin sa rairayar ma. Shekaru da dama kafin sauyin 2019, idan waɗanda suka wuce ranar Juma'a sun haura 78, sai a sake ragewa bayan ramuka 54, ranar Asabar ke nan. Waɗanda wannan ragin na biyu ya shafa ana biyansu kuɗi, ana kuma lissafa musu cewa sun wuce na farko, sai dai ba sa buga Lahadi. An soke wannan tsari, amma duk mai karanta tsofaffin sakamako zai ci karo da shi. Na Juma'a tankaɗe, na Asabar rairaya. Turancin ma sai da ya yi ta kewaye-kewaye da harufa uku, MDF, kafin ya faɗi abin da muke faɗa da kalma ɗaya.

Kalma ba ta zama tamu sai ta shiga jimla ba tare da an tura ta ba, don haka na gwada ta. "Scheffler ya tsallake tankaɗe." "Biyu daga cikin shidana tankaɗe ya tsame su." "Layin tankaɗe yana kan biyu sama da mizani." "Wannan gasar babu tankaɗe." Ta ƙarshen nan muna bukatarta sosai yanzu. Gasar LIV Golf, wadda aka kafa da kuɗin asusun zuba jari na Saudiyya, ta fara a 2022 da ramuka 54 ba tare da tankaɗe ba, kowa ya buga har ƙarshe, kowa a biya shi. PGA Tour ma daga 2024 ta mayar da yawancin manyan gasanninta na musamman masu 'yan wasa kaɗan marasa tankaɗe, in ban da uku: Genesis Invitational, Arnold Palmer Invitational da Memorial. Ga mai fantasi wannan ya sauya lissafi gaba ɗaya. A makon da babu tankaɗe, za ka iya ɗaukar mai wasan kasada, wanda yau zai yi 64 gobe ya yi 76, don ka san zai buga ramuka 72 ko ta halin ƙaƙa. A makon tankaɗe kuwa, sai ka nemi mai natsuwa wanda ba ya yawan jefa ƙwallo cikin ruwa.

Wata 'yar'uwa ta kawo suka mai nauyi, kuma ba zan kauda kai ba. Ta ce idon rariya tun kafin a zuba komai an san girmansa, amma layin kat ba a saninsa sai an gama buga wasan. Gaskiyarki, Hajiya. Duk wanda ya taɓa zama gaban allon sakamako ranar Juma'a ya san wannan. Da safe iska ta kwanta, layin yana kan ɗaya ƙasa da mizani. Da la'asar iska ta taso, ciyawar bakin rami ta bushe ta yi santsi, sai ka ga ya koma daidai mizani, daga nan ya haura ɗaya. Na taɓa zaɓar wani da ya gama tun da hantsi yana ɗaya sama, ya shiga ciki ya zauna. Ni kuma ina ta sabunta shafi, ina ƙirga mutum nawa ne ke gabansa: 68, 67, 66. Saura mutum biyu kawai su yi tuntuɓe layin ya sauko masa. Ɗaya ya yi. Na biyun ya tsaya a rami na 18, tsakaninsa da ramin bai fi taku uku ba, ya durƙusa ya duba gangaren, ya miƙe, ya tura ƙwallon a hankali, ta zagaya baki ta faɗa. Nawa ya tafi gida da bambancin bugu ɗaya, alhali sa'o'i biyar ke nan bai taɓa sanda ba. To a nan kam kwatancin rariya bai cika ba, na yarda. Abin da zan ce shi ne, abin da aka sani tun farko shi ne adadin, 65 ko 50, lambar bugun ce take yawo. Shi ya sa nake so mu raba su: aikin kansa tankaɗe, lambar da ke yawo kuma layin tankaɗe. Kada mu matsa wa kalmar har mu ce "idon rariya", don a nan ne sukarki za ta kama mu.

Abu ɗaya kuma nake roƙo. Kada mu bi hoton har mu riƙa kiran waɗanda ba su wuce ba tsaki ko dusa. Tsakanin wanda ya wuce da wanda ya zauna sau da yawa bugu ɗaya ne cikin 140 da 'yan kai. A 2010, a Quail Hollow da ke Arewacin Karolina, Rory McIlroy ya tsallake a kan layin daidai, ba rarar ko bugu ɗaya. Ranar Asabar ya yi 66, ranar Lahadi ya yi 62, ya ɗauki kofinsa na farko a PGA Tour. Da ƙwallo ɗaya ta kauce ranar Juma'a, da babu wannan labarin. Tiger Woods ya tsallake sau 142 a jere daga 1998 zuwa 2005, inda ya shafe tarihin Byron Nelson na 113, kuma ranar da abin ya tsinke a Teksas, a gasar da ke ɗauke da sunan Nelson ɗin, da bugu ɗaya ya rasa. A Masters kuma ya kai 24 a jere a 2024, ya wuce Gary Player da Fred Couples da ke da 23. Mutanen da ke wannan matakin, "tankaɗe ya tsame shi" ta ishe su, ba sai an ƙara gishiri ba.

Ga masu rubutu a cikinmu, ku kula da wani bambanci. Dokokin golf, irin su sanduna 14 kacal a jaka, ko minti uku na neman ƙwallon da ta ɓace, hukumomin R&A ta Sikotilan da USGA ta Amurka ne ke rubuta su, kuma ɗaya ne ko'ina a duniya. Tankaɗe ba ya cikinsu. Masu shirya kowace gasa ne ke gindaya shi, shi ya sa Masters take da 50, US Open take da 60. Masters ma a da tana barin duk wanda bai fi bugu goma tsakaninsa da wanda ke kan gaba a gasar ba ya wuce, ta cire wannan a 2020. Don haka mu rubuta "sharaɗin tankaɗe", kada mu ce "dokar tankaɗe".

Abin da ya rage mini wanda ban gamsu da shi ba shi ne sunan wanda ya wuce a kan layin daidai, irin McIlroy na 2010. "Ya sha da ƙyar" ta yi faɗi, don ana iya faɗarta ga wanda yake da rarar bugu ɗaya ma. "Ya tsallake a kan layi" ita nake amfani da ita yanzu, amma ta ɗan yi tsawo ga mai sharhi kai tsaye. Wanda yake da gajeriya ya kawo ta kafin Juma'a mai zuwa, mu gwada ta a kan allon sakamako na gaske.