Tawul ɗin goge mota sun daina shan ruwa, ina neman shawara

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar wankin mota. Ina da wurin wanki a Jos, wajen hanyar Bauchi, kuma tawul ɗin maikrofaiba, wato masu siraran zare sosai, da muke goge jikin mota da gilashi da su sun hana ni sakat.

Na sayi dozin biyu wata huɗu da suka wuce, irin waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa kashi 80 foliyesta ne, kashi 20 kuma nailan. Da farko suna shan ruwa kamar soso, amma yanzu sun yi tauri, ruwa yana gangarewa a kansu, kuma suna barin zane-zane a gilashin gaba wanda ba a ganinsa sai rana ta haska, mai mota ya riga ya zo. Ni ma ina da laifi, domin ban hana yaran wurin haɗa su da tsummokaran auduga da waɗanda muka shafa man ƙyalli da su ba, har sau biyu aka zuba musu ruwan laushin tufafi mai ƙamshi, wanda daga baya na gane yana toshe zaren.

Na jiƙa su cikin ruwan ɗumi da sabulun ruwa, na ɗauraye da ruwan khal, na shanya a inuwa. Jar ƙurar hunturu ta fita, maiƙon kuwa yana nan daram.

Shin tafasa su zai narkar da maiƙon, ko kuwa zafin zai ƙone zaren? Ruwan burtsatsenmu yana da hannu a wannan taurin? Idan ba za su gyaru ba, a gaya mini in mayar da su na goge taya. Allah ya saka da alheri.