Ban da ɗaure ƙashin baya da ƙarfe, akwai wata tiyata?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Hoton MRI na yayana, mai shekara 42, ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya L4 da L5 ya cinye. An ce a ɗaure ƙasusuwan biyu da kusoshi su haɗe. Shin babu aikin da zai bar wurin yana lanƙwasuwa?

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai. Ana cire guringuntsin a sa na wucin gadi: faranti biyu na ƙarfe da roba mai tauri a tsakaninsu. Amurka ta amince da samfurin ProDisc-L a 2006, samfurin activL kuma a 2015. Ta gaba, wato ta ciki, ake shiga, a kawar da manyan jijiyoyin jini gefe, kuma nan haɗarin yake: jijiya na iya yagewa, ga namiji kuwa maniyyi na iya riƙa komawa mafitsara. Ba kowa ya dace ba. In ƙashi ya yi laushi, farantin nutsewa zai yi. In ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙashin sun lalace, motsin da aka bari shi zai ci gaba da tayar da ciwo. Haka in ƙashi ya zame kan ɗan'uwansa. Sai kuma an yi wata 6 ana magani da gashin ƙashi ba sauƙi.

Hajiyar Samaru:
Ƙanena, a ina ciwon ya fi tsanani? In daga kwankwaso yake sauka ƙafa, da mutuwar yatsu, jijiya ce ta matse. Sau da yawa buɗe mata hanya kawai ya isa, ba ƙarfe ba kusa. Binciken Suwidin na 2016 kan tsukewar hanyar jijiya ya nuna ƙara ɗaurin bai fi buɗewar ita kaɗai amfani ba.

Likitan Ƙashi:
Gaskiyarki, Hajiya. A ƙasar nan kuma dole a tabbatar ba tibin ƙashin baya ba ne, don ba a sa faranti a wurin da ke da cuta. Ku je asibitin Shika ko na Dala da hoton MRI ɗin, ku nemi a ɗauki hoton ƙashi yana sunkuye da yana miƙe, shi zai nuna ko akwai zamewa. In fitsari ya fara kuɓuce masa ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, kada ku kwana, a kai shi asibiti nan take.