Wai finafinan dodanni ma gado ne?

Mai Majigi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Jiya da dare na zauna kallon The Quatermass Experiment, wasan talabijin da aka nuna a Ingila a 1953, labarin ɗan sama jannatin da ya dawo duniya da wani abu a jikinsa yana rikiɗa shi a hankali. Na gama kashi na ɗaya, na gama na biyu, na shiga neman na uku. Babu. Ashe kashi shida ne, kai tsaye aka watsa su, biyun farko kaɗai aka naɗa. Sauran huɗun sun bi iska tun daren da aka nuna su. Na gaya wa ƙanena, ya bushe da dariya, wai a kan tsohon fim marar kala nake wannan jimami. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun salwanta. Tsofaffin finafinan kimiyya masu ban tsoro gado ne na 'yan Adam, ya kamata a killace su kamar tsofaffin littattafai.

Malam Nahawu: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na tausaya maka, amma ka gyara kalma. Gado shi ne abin da magabacinka ya mutu ya bar maka, kana da haƙƙi a cikinsa. Wane kakanka ne ya bar maka dodo?

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri Malam. Abin da ke hana yara barci shi ne gado? Ni ɗana sau ɗaya ya kalli irin wannan, sati guda sai da fitila yake kwana.

Mai Majigi: Hajiya, ban ce a nuna wa yara ba, cewa na yi a adana.

Ɗalibin Tarihi: Malam, da girmamawa, kalmar ta fi haka faɗi. Ba ma cewa malamai magada annabawa ne? Ai ba gona suka gada ba. A 2001 hukumar UNESCO ta saka Metropolis, fim ɗin kimiyya na Jamus da Fritz Lang ya yi a 1927, cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya, kuma shi ne fim na farko da ya shiga. Wannan fim bayan fitowarsa aka yanke shi gunduwa-gunduwa, aka shekara tamanin ana zaton yankakkun sun tafi ke nan. Sai a 2008 aka tsinci wani kwafi a gidan tarihin finafinai na Buenos Aires a Ajantina, aka maido da wajen minti 25. In kana kallo za ka gane wurin da aka yi ƙari: hoton yana fes, sai kwatsam ya tsuke, zane-zane su cika shi kamar ana ruwan sama, sannan ya koma fes. Ni duk sanda na zo wurin sai tsigar jikina ta tashi.

Malam Nahawu: Kada ka haɗa gadon annabawa da majigi, ka ji tsoron Allah. Ita kuma UNESCO ba da Hausa ta yi magana ba. Ku kuka fassara da gado.

Ɗalibin Tarihi: To me za mu ce?

Malam Nahawu: Ajiya. Ko kayan tarihi.

Gaskiya Ɗaci: Ajiya ai ta mai ita ce, yana dawowa ya karɓa. Malam ya faɗi a nan.

Almajirin Malam: Malam bai taɓa faɗuwa a kan kalma ba. Kai wa ya karantar da kai?

Gaskiya Ɗaci: Ba da kai nake ba.

Uwar Biyu: Ni abin da ya fi damuna, ba a irin waɗannan ne mutum ke harhaɗa gawa ya ce ya ba ta rai ba? Wannan za a kashe kuɗi a adana?

Ɗalibin Tarihi: Frankenstein kike nufi Hajiya, na 1931. Ki kalla har ƙarshe, fim ɗin bai yabe shi ba, bala'in da shisshiginsa ya jawo ake nunawa. Su ma masu tace finafinai na lokacin sun yanke wurin da ya kwatanta kansa da Mahalicci, da wurin da halittar ta jefa yarinya a tafki, sai bayan shekaru da dama aka maido. Yana cikin kundin finafinan Amurka tun 1991, wanda ake ƙara wa finafinai 25 kowace shekara.

Bawan Allah: Duk wannan surutu na mene ne? Ai komai na YouTube.

Mai Majigi: Ɗan'uwa, abin da ka gani a YouTube daga zaren fim aka kwafo shi, in zaren ya mutu kafin a kwafa shi ke nan. Har farkon shekarun 1950 da sinadarin naitiret ake yin zaren, mai cin wuta ko a cikin ruwa. Rumbun kamfanin Fox ya ƙone a 1937, na MGM a 1965. Sinadarin da ya maye gurbin naitiret kuma in ya ji zafi da laima sai ya fara tsami, ya motse, ya kakkarye. Shi ya sa ake ajiye su a ɗakuna masu sanyi marasa danshi. Nosferatu na 1922 ma kotun Jamus ce ta ce a lalata duk kwafinsa bayan matar marubucin Dracula, littafin da aka kwaikwayi labarin daga gare shi, ta kai ƙara, Allah ya sa wasu suka tsira.

Gaskiya Ɗaci: Nosferatu ba na kimiyya ba ne, mai shan jini ne. Kuma naka na farko ma wasan talabijin ne, ba fim ba. Ka tsaya a layi ɗaya.

Mai Majigi: Misalin salwanta na kawo.

Masoyin Gojira: Kowa Turawa, Turawa. Ina Japan? Gojira, fim ɗinsu na ƙaton dodo, ya fito a 1954, shekarar da tokar gwajin bam ɗin Amurka a tsibirin Bikini ta zubo wa masunta Japanawa 23 a jirginsu, ɗaya ya rasu. Mutanen da suka ga Hiroshima da Nagasaki ne suka yi shi, tsoronsu ne a ciki. A 1956 Amurkawa suka yayyanke shi suka cusa ɗan wasansu Raymond Burr. Da Japanawa ba su riƙe na asali ba, da wannan gurgun za a ɗauka shi ne fim ɗin.

Bawan Allah: Godzilla dai.

Masoyin Gojira: Gojira masu shi suka raɗa masa.

Malam Nahawu: Ka ga ka taimake ni. Tsoronsu, ka ce. To gadonsu ne, su adana abinsu.

Masoyin Gojira: Malam, bam yana tambayar ɗan wace ƙasa ne kafin ya faɗo?

Almajirin Malam: Ka iya bakinka da Malam.

Uwar Biyu: Tunda dare ya yi bari in tattara. An fahimci cewa kalmar gado ba ta dace ba, kamar yadda Malam ya yi bayani gamsasshe, kuma babu wanda ya kawo hujjar da ta ture shi. An yarda finafinan nan ba na yara ba ne. Masu son su kuma sun amsa da bakinsu cewa na masu su ne, kuma suna kula da abinsu. Saura bayanai ne na shekaru da sunaye. Allah ya ba mu alheri.

Ɗalibin Tarihi: Hajiya, ni ban amsa haka ba.

Mai Majigi: Ni ma. Ku kira shi gado, ku kira shi ajiya, kashi huɗun nan dai babu su. An ce mini an mai da labarin fim a 1955, shi zan nema gobe in ga yadda ɗan sama jannatin ya ƙare.